Lambun Attajiri da Ya Zama Asibitin Huhu

A arewa maso gabashin birnin Shanghai akwai unguwar Wujiaochang, inda manyan tituna biyar suka yi kiciɓis. Wuri ne na kantuna da jami'o'i, matasa ko'ina, kowa da waya a hannu. Amma idan ka bar hayaniyar ka miƙi titin Zhengmin, sai ka ga kayan da ke hannun mutane sun sauya. Kusan kowa na ɗauke da wata faffaɗar leda marar nauyi, irin wadda ake zura hoton ƙirji a ciki. Wani ya maƙale ta a hammata, wata ta rungume ta da hannu biyu, wani dattijo kuma ɗansa ne ke riƙe masa. Duk wuri ɗaya suka dosa, Asibitin Huhu na Shanghai, wanda ke ƙarƙashin Jami'ar Tongji. Da yawansu ba 'yan birnin ba ne, jirgin ƙasa ya kawo su daga larduna masu nisa, shi ya sa gefen titin ya cika da ƙananan masaukai da kantunan magani da masu sayar da 'ya'yan itace na gaida marar lafiya.

A wannan gida ɗaya, mutum sama da dubu goma ake yi wa tiyatar huhu a shekara. Akwai ƙasashe da dama da ko an haɗa duk asibitocinsu ba su kai wannan adadi ba. Shi ne abin da ke jawo likitocin fiɗa daga Turai da ƙasashen Larabawa da Afirka su zo su tsaya a bayan takwarorinsu Sinawa suna kallo, kuma cikin irin wannan ayari na samu shiga.

Sai dai kafin ɗakin tiyata, lambun ya kamata baƙo ya fara gani, domin shi ne asalin wurin. Yana nan cikin harabar, a bayan dogayen gine-gine: tafki a tsakiya, da gadoji, da tsofaffin itatuwa, da wani farin gini mai ginshiƙai irin na Turawan da. Wani attajiri mai suna Ye Ziheng ne ya gina shi a farkon shekarun 1920, don masu zuwa kallon sukuwar dawaki a filin Jiangwan su sami inda za su sha iska. Mahaifinsa, Ye Chengzhong, mutumin Ningbo ne da ya fara da tallan kaya a kwalekwale cikin kogin Huangpu, ya rasu yana cikin manyan 'yan kasuwar Shanghai. A 1933 ɗan ya ba da lambun kyauta ga makarantar likitanci ta Shanghai, wadda Dakta Yan Fuqing ke shugabanta, aka mai da shi wurin jinyar masu tarin fuka, aka sa masa sunan uban.

A wancan zamani tarin fuka ba shi da ƙwaya ko allura, sai cikin shekarun 1940 aka samu. Abin da likita ke da shi a hannu hutu ne da abinci da iska mai kyau, wato lambun kansa shi ne maganin. Idan ciwo ya ƙi, sai a tura iska cikin ƙirji don huhun da ya kamu ya lafa ya huta, ko a cire 'yan haƙarƙari ƙirjin ya lotsa ya danne kogon da cutar ta haƙa. Aiki ne marar kyan gani, amma a kansa ne likitocin fiɗa na duniya suka koyi yadda ake shiga ƙirjin mutum a fito da shi da rai. Da magunguna suka karya lagon tarin fuka, hannun da ya riga ya goge sai ya koma kan ciwon daji. Har yau akwai sashen tarin fuka a asibitin, amma ba shi ne ke cika titin Zhengmin da mutane ba.

A shekarar da aka ba da lambun, wani abu ya faru a can wancan gefen duniya. Ranar 5 ga Afrilu 1933, a Asibitin Barnes na garin St. Louis a Amurka, Dakta Evarts Graham ya buɗe ƙirjin wani likitan mata mai suna James Gilmore, ya tarar ƙarin ya zauna kusa da tushen huhu, sai ya cire huhun hagu ɗungurungum. Wannan ne karon farko da aka cire huhu sukutum a zama ɗaya saboda ciwon daji, mutum ya tashi. Gilmore ya koma bakin aikinsa, ya ƙara shekara 30 a duniya. Graham kuwa ya daɗe yana shan taba, kuma shi da ɗalibinsa Ernst Wynder ne suka wallafa binciken 1950 da ya alaƙanta taba da wannan ciwo. Ciwon dajin huhu ne ya zama ajalinsa a 1957, ya bar majinyacinsa da rai.

Daga ranar Graham zuwa yau, abin da ke faruwa a wannan fanni shi ne rage yanka: a rage ƙofar da ake shiga, a rage naman da ake fitarwa. Don a gane wannan, sai an san yadda Allah ya tsara huhu. Na dama ɓangare uku ne, na hagu biyu, domin zuciya ta ci masa wuri. Kowane ɓangare kuma ya rabu yanki-yanki, goma a dama, takwas zuwa goma a hagu. Ka ɗauke shi tamkar babban gidan gandu mai sassa biyar, kowane sashe da ɗakunansa, kowane ɗaki da ƙofarsa da bututun ruwansa: ana iya rushe ɗaki ɗaya sauran gida na nan a tsaye. Kowane yanki na da tasa hanyar iska da tasa jijiyar jini. Saboda haka likita na da zaɓi: ya cire huhu ɗaya duka, ko ɓangare ɗaya, ko yanki ɗaya, ko kuma ya gutsure wurin ƙarin kawai da ɗan lafiyayyen nama kewaye da shi.

Babban zauren ganin likita yana cika tun da sanyin safiya. Na'urori ne a jere inda ake yankar kati da waya, alluna na nuna lamba da sunan wanda za a kira, iyalai a zaune da butar ruwan zafi. Abin da ya fi ba ni mamaki a zauren shi ne ba ka jin tari sosai. Yawancin waɗanda ke jiran likitan fiɗa garau suke, da ƙafarsu suka zo, wasu daga wurin aiki. Abin da ya kawo su ɗigo ne a hoto, wani ɗan tabo mai hazo-hazo da bai kai farcen yatsa ba, wanda aka gani a hoton siti-sikan lokacin gwajin lafiya na shekara da ma'aikatu ke yi wa ma'aikatansu. Kuma mata sun yi yawa a cikinsu, matan da ba su taɓa kai sigari baki ba. Masu shan taba a Sin sun haura miliyan 300, kusan duk maza, kuma taba ce har gobe babban musabbabin wannan ciwo. Amma a gabashin Asiya akwai wani nau'i da ke kama mata marasa shan taba fiye da yadda ake gani a Turai. A 2022 mutum kusan miliyan biyu da rabi ne aka gano suna da ciwon dajin huhu a duniya, sama da miliyan ɗaya daga cikinsu a Sin.

Abin da likitoci ke nufi da matakin farko shi ne ƙarin bai wuce santimita 4 ba, kuma bai tsallaka zuwa kaluluwar ƙirji ba, balle sauran jiki. Idan bai wuce santimita 1 ba, kusan tara cikin goma suna nan da rai bayan shekara biyar. Idan kuwa ya riga ya bazu zuwa ƙashi ko hanta ko ƙwaƙwalwa, lissafin ya kife, kuma wuƙa ba ta da sauran ta cewa. Duk gwanintar da za ka gani a saman benen ta dogara ne ga wannan ɗigo da aka kama da wuri.

Ɗakunan tiyata a jere suke, ƙofa bayan ƙofa, kuma ba a barin gado ya huce. Ana fitar da wannan, ana share ɗaki, ana shigo da wancan. An kwantar da wata majinyaciya ta gefe, an yi mata allurar barci, an zura mata bututu mai hanya biyu a maƙogwaro, domin a ci gaba da hura huhu ɗaya a bar wanda za a yi wa aiki ya sace. Da ya sace sai fili ya samu a ƙirji. Likita ya tsaga wuri ɗaya tsakanin haƙarƙari na huɗu da na biyar, tsawonsa santimita 3 zuwa 4. Ta wannan ƙofa ɗaya kyamara ta shiga, da almakashi mai dogon wuya, da abin tsotsar jini, da abin kama nama. Babu mai kallon ciwon da idonsa. Kowa ya ɗaga kai yana kallon allo, inda huhu ya fito ƙato, ruwan hoda da ɗigo-ɗigon baƙi na ƙurar birni, zuciya na bugawa a bayansa.

Kallon aikin na sa mutum riƙe numfashi, ko da ba ya jin yaren da ake yi. Jijiyar da ke kai jini huhu tana da taushi ƙwarai, kuma duk jinin da zuciya ta turo ta huhu yake bi. Idan ta yage, cikin ƙiftawar ido allo zai koma ja. Likita na ware ta a hankali, ya zagaye ta, ya zura wani ƙarfe mai baki biyu da ke ɗinkewa da ƙananan filoli yana yankewa a lokaci guda. Haka zai bi jijiyoyi ɗaya bayan ɗaya, sannan hanyar iska. Abin da aka yanke a saka shi cikin wata 'yar jaka tun yana ciki, don kada ya shafi bakin ciwo wajen fita, a zaro shi. Nan take a ruga da shi ɗakin gwaji, a daskarar da shi, a yanka siriri a duba a madubin likita. Majinyaciya na barci, kowa na jira, cikin kamar rabin awa amsa ta zo, kuma ita ke faɗin ko a tsaya nan ko a ƙara yanka. Sannan a tsince kaluluwar da ke kewaye, wanda a ganina shi ne aikin da ya fi rashin armashi a ido amma ya fi nauyi, domin da su ake sanin ainihin matakin da ciwon ya kai. A ƙarshe a cika ƙirji da ruwa, a hura huhun, a duba ko kumfa na tashi. In ba kumfa, ɗinki ya kama.

A da, kuma har yau idan ƙari ya yi girma ko ya manne da babbar jijiya, tsaga ake yi daga baya zuwa gefe, kusan taƙi guda, a sa ƙarfe a buɗa haƙarƙari. Wanda aka yi wa haka yakan daɗe yana jin jiki. Tiyata da kyamara ta fara ne a farkon shekarun 1990, da huda uku ko huɗu. A 2010 wani likita ɗan Sifaniya, Diego González Rivas, ya cire ɓangaren huhu ta huda ɗaya tak a garin A Coruña. Shi ne daga baya ya riƙa zuwa wannan asibiti yana koyar da baƙin likitoci, domin abin da mutum zai shekara bai gani ba a garinsu, a nan zai gan shi cikin mako. Wani gwaji da aka yi a Birtaniya kan mutum 503, aka wallafa a 2022, ya nuna waɗanda aka yi wa aiki da kyamara sun fi saurin murmurewa kuma sun fi ƙarancin zogi. Akwai kuma na'ura mai hannuwa da likita ke sarrafawa daga kujera. Tana da kyau a lungu mai wuya, amma tsadarta ba wasa ba.

Ƙanƙantar ƙofa ita ke burge baƙo, amma muhawarar da ta fi zafi tsakanin likitoci a kan abin da ake fitarwa take. A 1995 wani gwaji na Amurka ya nuna cewa idan aka yi ƙaramin yanka, ciwon na dawowa a wurin har ninki uku idan aka kwatanta da cire ɓangare duka. Daga nan cire ɓangare ya zama doka, kusan shekara 30. Sai dai majinyatan wancan lokaci da hoton ƙirji na gargajiya aka gano su, ƙarinsu ya fi girma. Da siti-sikan ya fara kamo ƙanana, sai aka sake tambayar. Japanawa suka gwada a kan mutum 1,106 masu ƙarin da bai wuce santimita 2 ba kuma yana gefen huhu, suka wallafa a 2022. Bayan shekara biyar, kashi 94.3 cikin ɗari na waɗanda aka cire wa yanki suna da rai, waɗanda aka cire wa ɓangare duka kuma kashi 91.1. Amma ciwon ya dawo a kusa da wurin ga kashi 10.5 na 'yan ƙaramin yanka, da kashi 5.4 na 'yan babba. A 2023 wani gwajin da Dakta Nasser Altorki ya jagoranta kan mutum 697 ya zo da sakamako mai kama da haka: ga ƙaramin ƙari da kaluluwa mai tsabta, ƙaramin yanka bai gaza babba ba.

Kada mai karatu ya ɗauka cire yanki ya fi sauƙi don ya fi ƙanƙanta. Ya fi wuya. Tsakanin ɓangare da ɓangare akwai tsaga da ido ke gani, tsakanin yanki da yanki babu. Shi ya sa za ka ga an kafe wani allo a gefe, ɗauke da hoton huhun wannan majinyaciya da kwamfuta ta gina, jijiyoyi ja da shuɗi, ana juya shi ana dubawa, don tsarin jijiyar kowa daban yake. Wani lokaci a yi allurar wani koren rini a jini bayan an ɗaure jijiya, sai ko'ina ya haska a kyamara ban da yankin da za a cire. Ɗigon da ya cika ƙanƙanta kuwa, wanda yatsa ba zai ji ba, tun kafin shiga ɗaki ake soka siririyar waya a yi masa alama.

Akwai kuma waɗanda ba a yanka. Tsoho mai raunin zuciya, ko wanda taba ta riga ta cinye masa huhu, sai an sa shi ya hura iska a na'urar awo, wani lokaci a sa shi hawa bene, a ga ko zai iya rayuwa da abin da zai rage. In ba zai iya ba, akwai gashin haske mai ƙarfi da ake auna ƙarin da shi daidai wa daida, zama uku zuwa biyar, ba tsaga ba jini.

Kashi na biyu na waɗanda ba a yanka sun fi tsaya mini a rai, wato masu ɗigon da bai kamata a taɓa ba tukuna. Ɗigo mai hazo zalla yakan yi shekaru bai motsa ba, wani ma kumburi ne da zai baje da kansa. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da nau'in da bai fara kutsawa cikin nama ba daga jerin cikakken ciwon daji, ta mai da shi cikin abubuwan da ke gabatarsa. Wani nazari kan matan Taiwan da aka wallafa a 2022 ya nuna cewa bayan yaɗuwar siti-sikan, masu matakin farko sun ninka sama da sau shida, amma masu matakin ƙarshe ba su ragu ba. Ma'anarsa, da yawa cikin abin da aka tono ba zai taɓa kashe mai shi ba. Gwajin Amurka na 2011 da ya nuna hoton na rage mutuwa da kashi 20 cikin ɗari a kan manyan mashaya taba aka yi shi, ba a kan kowa da kowa ba. Likitocin Sin da kansu suna rubutu a kan wannan, kuma a zauren nan za ka ga wanda aka ce ya je ya dawo bayan wata shida ya fito ransa a ɓace, kamar an hana shi haƙƙinsa. Tsoro ne ke sa mutum roƙon a yanka shi. Ni dai a ganina likitan da ya iya cewa a dakata ya kai wanda ya iya huda ɗaya daraja, domin garin gyaran gira ake rasa ido, kuma huhun da aka cire ba ya tsirowa.

Bahaushen da ya tsaya a wannan zaure dole ya tuna gida, inda matsalar take a juye. A wurinmu tari mai daɗewa da rama da jini a majina sunansu tarin fuka, kuma sau da yawa haka ne, don cutar na nan da yawa. Amma wanda gwajin majina bai nuna komai ba, aka ɗora shi kan maganin wata shida bai ji sauƙi ba, yakan isa wurin likitan ƙirji bayan lokacin wuƙa ya wuce. Muna da likitocin fiɗar ƙirji a manyan asibitocin koyarwa, sai dai ba su cika samun majinyacin da ya zo a matakin da za su iya yi masa wani abu ba. Ga kuma tsadar ƙarfen ɗinkin nan, wanda kowane baki sau ɗaya ake harba shi a jefar, kuma aiki ɗaya na cin guda da yawa. Baƙin likitocin da suka fito daga ƙasashe irin namu sun fi mai da hankali ga yadda ake ɗaure jijiya da zare.

A ɗakin kwanciya ba a barin mutum ya miƙe ƙafa. Washegarin aiki nas za ta tashe shi. Baranda cike take da mutane cikin kayan asibiti masu ratsi, suna tafiya sannu-sannu, kowa da siririn bututu da ya fito daga gefen ƙirji zuwa wata gora da shi ko ɗan'uwansa ke riƙe da ita. Ana tilasta musu tari, su dafe ciwo da matashi su yi, domin majinar da ta kwanta ita ke jawo ciwon sanyin huhu. Idan gorar ta daina kumfa, ruwan ya ragu, sai a zare bututun, kuma yawanci cikin 'yan kwanaki an sallami mutum.

Bayan sallama akwai takardar da ake jira, cikakken sakamakon gwajin naman da kaluluwa, wanda kan ɗauki kamar mako guda ko fiye. Idan kaluluwa ta fito da tsabta kuma ƙarin ƙarami ne, babu wani magani, sai hoto duk wata shida a shekarun farko, daga baya sau ɗaya a shekara. Idan an sami ciwon a kaluluwa, mataki ya hau, sai a ƙara da allurar kashe ƙwayoyin daji. A gabashin Asiya, kusan rabin masu nau'in nan da ya fi kama mata marasa shan taba suna da wani sauyi a ƙwayar halitta da ake kira EGFR, kuma tun bayan wani gwaji na 2020 irin waɗannan ana ba su ƙwayar osimertinib, ɗaya a rana, har shekara uku.